Baban Ulipika Mai Shekara Biyu

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan Ulipika da hantsi yana iya jin muryarta tana cewa, “Baba, don Allah ka fitar da hannunka daga cikin sukarin nan.” Baƙo sai ya zaci wani dattijo ne tsufa ya fara taɓawa. Mu 'yan Mittimatalik, garinmu na ƙanƙara a bakin teku, mun san Baban nan bai daɗe da cika shekara biyu ba, mace ce kuma, sai ta yi ɗage take ganin abin da ke kan tebur.

Sunanta Nasuk, sunan mahaifin Ulipika. Tsohon ya rasu cikin watannin duhu, lokacin da rana ba ta fitowa sam a wurinmu, yarinyar ta zo bayan rana ta dawo, aka sa mata sunansa. A wurinmu suna ba ya zuwa shi kaɗai, tare da mai shi yake dawowa. Tun daga ranar jaririyar ta zama uban Ulipika, da “kai” take yi mata magana yadda ta saba yi wa tsohon, ita kuma da bakinta ya buɗe aka koya mata ta riƙa cewa “'yata”. Simiuni mijin Ulipika, direban tankar ruwa, ya sake samun suruki bayan ya ɗauka ya huta. Ni kuwa Litia, ƙawarta tun muna yara, na sake samun mai kirana uwar surutu, don haka tsohon yake ce mini, kuma Ulipika ba ta yi sanya ba wajen koya wa yarinyar. Har yau “Sutu” kawai take iya fitarwa, amma rabin gari sun ɗauka.

Ba Ulipika ce ta haife ta ba, kuma ba abin ɓoyewa ba ne, mu ba ma ɓoye irin wannan. Sipora ce, 'yar ƙaninta, ta samu ciki a shekarar da aka ba ta gurbin karatu a birnin Iqaluit. Ulipika ta je ta zauna a ɗakinta, ta riƙe kofin shayi har ya huce, sannan ta ce, “Idan ba wanda ya riga ni, ina so.” Sipora ta ɗaga gira, wato ta yarda. Iyakar maganar ke nan. A garin nan da wuya ka wuce gida biyu ba ka samu ɗan da aka bai wa wani ya raina ba, ni kaina ba wadda ta haife ni ce ta goya ni ba. Wanda aka ba shi ɗa, ɗansa ne har abada. Haka muka taso muka ji, haka kuma muke faɗa da ƙarfi, musamman ranar da muke tsoron kada abin ya sauya a kanmu.

Sai ka san Ulipika ta da kafin ka gane abin da yarinyar nan ta yi mata. An haife ta a tanti, can wani lungun teku inda mahaifinta yake farauta, ba ta kwana a gidan katako ba sai da ta yi wayo. Ta auri Simiuni, ta haifi maza uku, ta kama aikin shara a makaranta, ta yi shi har furfura ta fito mata. Duk wanda ya yi karatu a garin nan ya san ƙarar bokitinta, ya kuma san abin da zai same shi idan ya taka inda ta goge. Ba muguwa ba ce, lokaci ne ba ta da shi. Tafiya take kamar an biyo ta, abinci a tsaye take ci, ɗinkin takalman fata kuwa sai bayan ta sallami kowa. Ni da nake ƙawarta ina iya ƙirga dariyar da na ji ta yi a shekarun nan.

Wata rana muna ɗinki, lokacin Nasuk na rarrafe, ta ce mini, “Litia, na san na ciyar da yaran nan uku, na san ban bar su cikin sanyi ba. Amma ki tambaye ni ranar da babban ya fara tafiya, ban sani ba. Dawowa na yi daga aiki na tarar yana yi.” Ta ciji zare ta tofar. “Wannan karon zama zan yi in kalla.”

Ta kuwa ajiye aiki ta zauna. Daga gidansu zuwa kanti ba nisa, ana hango rufinsa ta taga. Da can Ulipika kan je ta dawo kafin ruwan shayi ya tafasa. Yanzu safiya guda suke ci a hanya. Akwai karen maƙwabta da dole a gaishe shi, akwai wani dutse da Nasuk ta ɗauka nata ne, sai ta duba ko yana nan, akwai sawun babur ɗin ƙanƙara da za a bi a ga inda ya nufa. Na taɓa leƙowa na ga Ulipika, matar da shugaban makaranta ke kauce wa a hanya, a durƙushe kan ƙanƙara tana nazarin kashin hankaka, saboda Baba ya nuna mata da yatsa ya ce, “Meye?”

Da safe ba agogo ke tashinta ba. Yarinyar ce take hawa ƙirjinta, ta sa yatsa ta buɗe mata fatar ido, ta leƙa ciki ta ce, “'Yata, kina nan?” Ulipika ta ce mini duk tsawon rayuwarta ba wanda ya taɓa zuwa duba ko tana nan, sai dai a zo duba ko abinci ya nuna. Sai ta kamo ta, ta danna hanci a kumatunta ta shaƙa, yadda muke yi wa 'ya'yanmu, ta rera mata 'yar waƙar da ta ƙaga mata ita kaɗai. Waƙar ba kai ba gindi, maganar wani tsoho ce mai gajerun ƙafafu da tumbi irin na natsik, dabbar tekun nan da muke ci muna ɗinka takalmi da fatarta. Da ta fara, sai Nasuk ta sunkuyar da kai tana murmushi, tana ƙara turo cikin gaba.

Kada ka ɗauka Baban nan waliyyi ne. Kafin ta koyi ɗaga gira ta ce e, ta daɗe da ƙwarewa a yamutsa hanci ta ce a'a. Mu kuwa ba ma yi wa ƙaramin yaro tsawa, hankalinsa ne bai gama isowa ba, balle wanda ke ɗauke da sunan uba. Sai dai lallami. Na sha jin Ulipika tana cewa, “Haba Baba, kai fa ka koya mini ba a fita ba safar hannu, yanzu me mutane za su ce?” Wani lokaci ta ci nasara, wani lokaci a tafi coci da takalmin dama a ƙafar hagu da hular Simiuni har kan hanci. Idan muna ɗinki kuma sai ta zo ta zauna tsakaninmu, ta miƙe ƙafafu yadda muka miƙe, ta ɗauki guntun fata tana tauna don ta yi laushi, tana tsuke fuska irin ta Ulipika sak. Ranar da na fara gani na ce, “To ga hotonki nan, ki ga abin da muke haƙuri da shi.”

Simiuni ne ya fi shan wahala, ko in ce ya fi jin daɗin kawo ƙara. Mutum ba ya yi wa surukinsa faɗa. Nasuk kuwa ta gano takalminsa na aiki ya fi kowane akwati, duk abin da take ji da shi a ciki take ɓoyewa, cokali ne, makullin babur ne, wata rana har kan kifi. Sai ya zura ƙafa zai fita ya tsaya cak.

“Ulipika, zo ki yi wa mahaifinki magana. Ya sake ba ni ajiya.”

“Amana ya ba ka. Da can ko wuƙarsa bai taɓa ara maka ba, yanzu ka samu shiga kana ƙorafi.”

“Da can ai ba ya yi mini fitsari a cinya.”

“Ka gode Allah da ya sake da kai.”

Sai ya zazzage takalmin, ya russuna ya ce, “Na gode, surukina,” ya fita yana dariya shi kaɗai. Duk tankar da ta wuce, tasa ce ko ba tasa ba, Nasuk na manne a taga tana ɗaga hannu, har sauran direbobin suka saba danna mata ham.

Gidan rediyon garinmu kowa na iya bugawa ya yi sanarwa, daga mai cigiyar kare har mai kiran 'ya'yansa su dawo cin abinci. Ran nan Ulipika ta buga za ta ce Simiuni ya samo kifi, duk mai so ya zo da leda. Kafin ta gama Nasuk ta fizge wayar, ta yi ta huci a ciki, sannan ta sanar da gari gaba ɗaya, “Na yi kashi. Babba.” Can sai wani tsoho, abokin farautar marigayi, ya bugo, muryarsa ko rawa ba ta yi, ya ce yana taya Nasuk murna, dama tun suna samari ba ya yin abu ƙarami. Ranar Ulipika ta yi dariya har ta zame daga kan kujera, tana hawaye tana riƙe da ƙugu.

Riƙe ƙugun nan ba na dariya kaɗai ba ne. Shekarun jan bokiti sun cinye mata kwatangwalon dama, ga shi ta ƙi daina goyo. Da tafiya ta gajiyar da Nasuk sai ta shige amauti, rigar goyon da Ulipika ta ɗinka da hannunta, ta kwantar da kai a wuyanta tana wasa da kunnenta. Yarinyar kuwa ba ta wasa da cikinta, ta yi nauyi. Likitan da ke zuwa mana lokaci-lokaci ya duba hoto ya ce sai an sauya ƙashin da na ƙarfe, can birnin Ottawa ake yi, kuma tsakanin aikin da koyon tafiya za ta yi kusan wata biyu. Aka ba ta rana, ta ce sanyi ya yi yawa. Aka sake ba ta, ta ce akwai ɗinkin da ba ta gama ba. Nas ɗinmu ta gaji ta zo ta same ni, wai ko tsoron wuƙa take. Na ce mata matar da ta fara feɗe natsik tun tana 'yar ƙwailarta ba wuƙa take tsoro ba.

Na san abin da take tsoro. Sipora ta gama karatu ta dawo, ta samu aiki a ofishin gari, an ba ta ɗaki nata. Duk Lahadi bayan coci sai ta zo da 'yar safa ko lemo a hannu, ta zauna a bakin kujera ta ce wa yarinyar, “Kaka, ina kwana,” don ita marigayin kakanta ne. Ba ta taɓa cewa komai ba. Ba ta ɗaukar yarinyar sai an miƙa mata. Amma irin kallon da take bin ta da shi, ko ka juya baya sai ka ji shi a jikinka. Idan kuwa Ulipika ta tafi, Simiuni zai bi ta jinya, kuma kowa a gari ya san gidan da ya kamata a kai Nasuk.

Na ce wa Ulipika, “Ba za ta karɓe ta ba. Sipora tana da kunya, ta san al'ada.”

“Ni ba Sipora nake ji ba.” Ta daɗe tana murza fata a hannunta. “Wata biyu a wurin mai shekara biyu ai rabin duniya ne. Ga ƙuruciya, ga ƙafa lafiya, ga ita ta haifa. Idan na dawo Baba ya kalle ni ya ɓuya a bayanta, wa zan kai wa ƙara? In ce a ba ni abina, alhali shi ne ba ya so?”



Abin da likita ya kasa, Nasuk ta yi shi a rana ɗaya. Lokacin ƙanƙarar bakin teku ta fara tsagewa, muna zaune a waje muna shan rana, sai ta hango wani tsuntsu ta bi shi a guje, ta miƙe sai bakin ruwa. Ulipika ta yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ta sake yunƙurawa ta faɗi ta gefe. Ni na ruga na cafko yarinyar ta hular riga, saura ƙiris ta taka ƙanƙarar da ba za ta ɗauki ko kare ba. Na dawo da ita tana ta ƙyalƙyala dariya, na samu Ulipika zaune a ƙasa inda ta faɗi. Washegari da ƙafarta ta je ta ce wa nas a ba ta rana.

Sai dai ba ta saduda gaba ɗaya ba, ta zo gidana da dabara. Tunda Nasuk uba ne, ba a ɗaukar uba a kai shi wani gida kamar kaya, tambayarsa ake yi. Za ta tara mu, ni da Sipora, a gaban Simiuni, ta tambayi Baba inda yake so ya zauna, duk inda ya nufa nan ne, ba mai cewa an yi son kai. Wannan ba baƙon abu ba ne, kullum muna tsokanar yara da irin tambayar, mu ce za ka bi ni gidana, mu ga yadda za su yi. Bambancin kawai wannan karon da gaske ne, kuma Ulipika ta ce in zo da idon kifi a aljihu. Duk ɗan garin nan yana son idon kifi, amma Nasuk tana iya sayar da mu duka a kansa.

Na ce, “Ulipika, wannan ai maguɗi ne.”

“Tsaraba ce za ki kawo wa dattijo. Ina maguɗi a ciki?”

Na je da su a ƙulle cikin 'yar leda. Aka shimfiɗa kwali a ƙasa, aka ɗora daskararren kifi, muka ci muka sha shayi. Sipora ba ta ci abin kirki ba. An gaya mata abin da za a yi, kuma ba yarinya ba ce, ta ga yadda aljihuna ya yi tudu, ta ga yadda Nasuk ke ta shinshinawa ta wajena. Ta ja jiki can jikin bango, ta haɗa gwiwoyi, ta sunkuyar da kai. Ita ba ta zo da komai ba.

Ulipika ta tsayar da yarinyar a tsakiya ta ce, “Baba, zan yi tafiya a gyara mini ƙafa. Kafin in dawo, gidan wa za ka zauna? Ga uwar surutu, ga jikarka.”

Na buɗe leda. Nasuk ta taho da gudu, ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki, ta lumshe ido. Ulipika ta sauke numfashi, har ta fara gyara zama. Yarinyar ta ɗauki na biyu, sai ta waiga. Ta tsaya tana kallon Sipora, kai a karkace, yadda take kallon duk abin da ba ta gane ba. Ta taka ta je, ta tsuguna ta leƙa fuskarta ta ƙasa. Ban san abin da ta gani ba, amma ta shafa mata kumatu, ta tura mata idon kifin a baki, da yawu da komai, ta ce, “Ci. Daina.” Sannan ta juya ta zauna daram a cinyarta, ta jawo hannun Sipora ta ɗora a kan cikinta.

Simiuni ya tsura wa shayinsa ido.

Can Ulipika ta ce a hankali, “Haka yake. Ko a coci, wanda aka bari shi kaɗai a benci, wurinsa yake zuwa ya zauna.” Ta share hanci da bayan hannu. “Baba ya yi magana. Litia, ba shi sauran, ki daina ɓoyewa, kowa ya gani.”

Ranar tafiya Ulipika ta tsare Sipora a filin jirgi tana ta jero mata bayani, ba ya son a rufe masa ƙafa, idan ya ja kunne barci yake ji, har sai da Simiuni ya jawo ta. Nasuk kuwa jirgin ne ya ɗauke mata hankali. Ta ɗaga wa Ulipika hannu tana murna, irin ɗagawar da take yi wa tankar ruwa.

Aiki ya yi kyau. Simiuni ya bugo ya ce an sa ƙarfen, har ta fara takawa, tana yi wa masu sharar asibitin gyara kan yadda suke goge ƙasa. Sun gwada kiran da ake ganin fuska, amma layinmu kowa ya san halinsa, hoto ya tsaya, murya ta kakkarye, Nasuk ta kalli wayar ta kife ta ta koma wasanta. Daga nan Ulipika ta ce a bari, kada a rikita shi. Ni ta mayar 'yar leƙen asiri, kullum da yamma sai ta kira.

“Yana ci?”

“Tana ci. Har ganye Sipora ta koya mata.”

“Barci fa?”

“Lafiya lau, a gadonta ita kaɗai.”

“Yana kuka?”

Nan ne nake rasa yadda zan yi. Gaskiyar ita ce ban ji kukanta ba ko sau ɗaya. Kullum da safe ina ganinsu, Sipora na riƙe da hannunta za ta kai ta gidan renon yara kafin ta wuce ofis, kitso tsaf, riga tsaf, tana tafiya a miƙe ba tsaye-tsaye. Ta daina sa ƙunzugu. Ta koyi cewa na gode. Kowa na yabon Sipora, kuma ta cancanci yabon. Duk labari mai daɗi da na bai wa Ulipika, sai ta ce, “To madalla,” da muryar wadda aka zo yi wa ta'aziyya. Na so in ce mata yarinyar ta hana unguwa sakat da kuka. Ban ce ba, don Ulipika tana gane ƙaryata tun kafin in buɗe baki.

Jirginsu ya sauka da rana tsaka, ƙanƙara ta narke, gari duk taɓo. Ulipika ta sauko a hankali da sanda, ta rame. Idonta bai tsaya kan kowa ba sai kan 'yar jar rigar da ke tsaye kusa da Sipora. Ta ce, “Baba.” Nasuk ta ɗago ta yi mata kallo mai tsawo, sannan ta zagaya bayan Sipora ta cusa fuska a ƙafarta.

Na ga abin ya shige ta, ni ma sai da zuciyata ta karye. Ulipika ta gyara riƙon sandarta ta gaisa da mutane ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar lafiyar waɗanda ba ta damu da su ba. A mota ba mai magana sai Simiuni, yana ta ba da labarin bishiyoyin Ottawa, mu da ko ɗaya ba mu da ita a nan, wai don yawa har sun hana mutum hangen nesa.

Na riga na share gidan na soya gurasa. Sipora ta shigo da jakar kayan yarinyar ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta kai ta ciki ba, ba ta kuma bar ta a mota ba. Nasuk ta hau kujera ta zauna, hannuwa a cinya, ba ta taɓa komai ba. Ulipika ta zauna a kujerar da aka ƙara wa tsawo, don an hana ta sunkuyo da zaman ƙasa. Ta daɗe tana kallonta. Sai ta ɗauki gurasa ɗaya da zafinta, ta raba biyu don ta huce, ta miƙa mata rabi. “Ga shi, Baba.”

Nasuk ta kalli rabin da ke hannun Ulipika, ta kalli ɗayan a faranti. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa.

“Kin fasa.”

“Don ta huce ne.”

“Kin fasa. Mayar.”

“Ba ta mayuwa, Baba. Ga wata gurasar guda.”

Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta fito daga ɗan jikin nan ba. Ta doke gurasar, ta zame ƙasa ta hau birgima tana shure-shure. Aka ba ta sabuwa ta yi jifa da ita. Simiuni ya matso ta kai masa shuri. Ta tashi ta zo ta dunƙule hannu tana dukan gwiwar Ulipika, Allah ya sa mai lafiyar ce, majina da hawaye sun haɗe, tana cewa, “Kin fasa, kin fasa, kin tafi, kin fasa.” Har karnukan unguwa suka amsa mata.

Na tashi zan janye ta saboda ɗinkin aikin, sai na ji motsi a bayana. Sipora ce ta zame jikin ƙofa ta zauna a kan jakar, tana kuka, bakinta kuma kamar mai dariya.

Ta ce, “Gwaggo, kullum da safe sai na raba mata gurasa biyu. Kullum. Sai ta karɓa ta ce na gode ta cinye.” Ta ja numfashi. “Na sa mata takalmin da ya matse ta, ban sani ba sai da na ga ƙafar ta yi ja, ba ta ce uffan ba. Ko cokali ba ta taɓa yarwa a ɗakina ba. Baƙuwa na sauka, Gwaggo, mai ladabi. Har addu'a na yi ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya.”

Ulipika na kallonta, yarinyar na ci gaba da dukanta. Na san fuskar ƙawata. Na ga daɗin da ya cika ta har tana jin kunyarsa, na kuma ga lokacin da ta gane ba ita kaɗai ce ta yi wata biyu tana jiran abu ɗaya ba.

Ta ce, “Taso. An hana ni ɗaga abin da ya fi buta nauyi. Ɗora mini shi.”

Sipora ta share ido ta taso, ta sunkuci Nasuk tana wutsil-wutsil, ta ɗora ta a cinyar Ulipika mai lafiyar. Ba ta iya sakinta ba, don da ta saki za ta zame, sai ta durƙusa a gefen kujerar ta tallafe ta ta baya. Nasuk ta damƙi gashin Ulipika, ta yakushe ta a kumatu har jini ya tsatso, sannan ta cusa fuska a wuyanta. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya, har jikinta ya saki a tsakaninsu.

Ulipika ta taɓa kumatunta ta kalli jinin a yatsa. Sai ta ɗora hannun a kan Sipora, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada ta tashi mai barci.

“Lahadi kaɗai ba ta isa ba. Ki riƙa zuwa kullum. Ke za ki yi masa wanka, ke za ki hana shi abin da yake so. Ki yi haƙuri, 'yar ƙanina, ba zai daɗe ba ke ma zai mare ki.”